Maƙwabciyata Bayahudiya za ta yi babban azuminsu: barka zan ce ko sannu?

Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, shekarata huɗu a Manchester, a unguwar da Yahudawa suke da yawa. Maƙwabciyata dattijuwa ce Bayahudiya, mijinta ya rasu. Tun da na tare take yi min alheri. Ita ke riƙe min yarona idan aikin dare ya kama ni kafin babansa ya dawo, kuma duk watan azumi sai ta aiko min da dabino. A 2024 na ji ana cewa ranar babbar sallarsu ce, Yom Kippur, sai na zage na yi waina da miyar taushe, na ƙwanƙwasa mata ƙofa da rana tsaka ina ta fara'a ina ce mata barka da salla. Ta yi murmushi, ta gode, ta ce azumi take yi, ba ta karɓi kwanon ba. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Bara kuma, a 2025, a wannan ranar aka kai hari wurin ibadarsu a garin nan, kuma wanda ya kai harin sunan Musulmi gare shi. Na kasa zuwa in yi mata ko da jaje, na yi makonni ina kauce mata. Yanzu muna gaisawa, amma ba kamar da ba. Ga shi ranar ta kusa zagayowa. Yayana a Kano ya ce haramun ne in taya ta murna, ya ce kuma in tuna da Gaza. Ni ma abin Gaza yana ci min rai. Me zan ce mata, ko dai in ci gaba da yin shiruna?

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. Karon farko sai da na yi dariyar wainar nan, ki yafe ni. Karo na biyu ban yi dariya ba, don na ga abin da ke hana ki barci shirun bara ne, wainar ɗan rakiya ce kawai. Tsohuwar da ta ga kin tsaya a ƙofarta da kwano mai zafi ta san da zuciyar da kika zo. Rashin sani ya fi dare duhu, ita ma ta san haka, shi ya sa ta yi murmushi.

Kuskuren da kika yi, Hausa ma tana da maganinsa. Kunnenmu ya san bambancin barka da sannu. Barka ta mai jego ce, da ango, da alhajin da ya sauka lafiya, da wanda ya tsallake rijiya da baya. Sannu kuwa ta manomi ce rana ta take yana tsakiyar huɗa, da mai jinyar mara lafiya, da wanda ya kwana tsaye a tahajjud. Ko a watan Ramadan, da azahar ba ma ce wa mutum barka da shan ruwa, sai mu ce sannu da ibada, yaya ƙishirwa. Barkar sai an kira magariba. To Yom Kippur ranar sannu ce daga farkonta har kusan ƙarshenta, ke kuma kika kai mata barka.

Sunan ranar ba baƙo ba ne a kunnenki idan kin saurara da kyau, domin Ibrananci da Larabci 'yan ɗaki ɗaya ne. Yom shi ne yaumu, wato rana. Kippur kuma tushensa ɗaya da kaffara. Ranar kankare zunubi ke nan. Tana faɗowa ranar goma ga watansu na Tishri, a ƙarshen kwanaki goma da suke farawa da sabuwar shekararsu, Rosh Hashana. A aƙidarsu, ranar sabuwar shekara ake rubuta abin da zai sami kowane ɗan Adam a shekarar, wa zai kai baɗi wa ba zai kai ba, ranar Yom Kippur kuma a buga hatimi a rufe littafin. Kwanakin da ke tsakani na tuba ne da addu'a da sadaka.

Azumin nasu kusan awa 25 ne a jere, daga kafin faɗuwar rana har taurari su fito washegari, ba ci ba sha, ba kuma sahur a tsakiya. Mai riƙo da addini ba ya wanka, ba ya shafa mai, ba ya kusantar iyali, ba ya aiki, ba ya tuƙa mota, ba ya sa takalmin fata. Na tabbata kin taɓa ganin dattijo a unguwarku da kwat mai tsada da takalmin yadi a ƙafa yana takawa a hankali, ga motarsa ajiye a ƙofar gida, kika rasa dalili. Dalilin ke nan. Da yawansu farare suke sawa, wasu mazan ma farar riga ce irin wadda za a binne su da ita, wanda ya taɓa ɗaura harami ya san abin da ake nufi da wannan. Sau biyar ake tsayuwar addu'a tsakanin daren da yinin. Suna jero laifuffuka da bakin jama'a, mun yi saɓo, mun ci amana, mun yi ƙwace, mun yi ƙazafi, a kan kowanne mutum ya ɗan bugi ƙirjinsa. Da yamma a karanta labarin Annabi Yunus da mutanen garin da suka tuba aka ɗauke musu azaba. Idan duhu ya shiga a busa ƙahon rago, a tafi shan ruwa. Ko Bayahuden da ba ya leƙa wurin ibada duk shekara, ranar nan sau da yawa za ki gan shi a sahu, kamar 'yan sallar Idi a wurinmu.

Akwai kuma abin da ya shafi maƙwabciyarki ita kanta. A ranar suna da addu'ar tuna mamata, sunanta Yizkor, kuma tun kafin rana ta faɗi ake kunna wa mamaci wani ɗan kyandir a cikin gilashi wanda zai kwana ya wuni yana ci. Idan kin hangi ɗan haske a tagar kicin ɗinta cikin dare, mai yiwuwa na mijinta ne. Amma kada ki zarce ki je mata da fuskar zaman makoki. Malamansu na da sun lissafa ranar cikin ranakun farin ciki, saboda ranar samun gafara ce. Idan kina neman abin da ya fi kama da ita a wurinmu, ki tuna yammacin Arfa: ana kuka, ana roƙo, kuma ba wanda zai ce ranar baƙin ciki ce.

Abin da ake faɗa bai da yawa. Mafi sauƙi shi ne "tsom kal". Tsom shi ne saumu, azumi, kal kuma mai sauƙi. Kusan dai abin da muke nufi da Allah ya kawo sauƙi, ko a sha ruwa lafiya. Wanda suka fi yi wa junansu kuwa shi ne "gimar hatima tova", wato a kammala buga miki hatimi da alheri, kin ji hatimin namu a tsakiyar maganar. "Shana tova", fatan shekara mai kyau, ana faɗarsa tun daga sabuwar shekara har cikin waɗannan kwanakin. Ba dole ba ne ki yi Ibrananci. Idan kin ce mata da Turancin da kuka saba kina mata fatan azumi mai sauƙi da shekara ta lafiya, ya wadatar, wataƙila ma ya fi shiga zuciya a kan kalmar da kika haddace jiya kina tsoron kada ta suɓuce. Wasu masu ibada sun fi son a yi musu fatan azumi mai amfani a kan mai sauƙi, suna cewa ai ba don sauƙi ake yin sa ba. Kowanne kika zaɓa ba za ta ƙi ba. Barkar taki kuwa ki ajiye ta, kwana biyar bayan Yom Kippur suke shiga bikin Sukkot, lokacin da za ki ga an kakkafa 'yan rumfuna da rufin ganye a bayan gidaje ana cin abinci a ciki. Wannan shi ne bikin murna.

Ba a fafe gora ranar tafiya. A 2026 azumin zai kama da yammacin Lahadi 20 ga Satumba, a sha ruwa ranar Litinin 21 da daddare. Mai kiyaye ranar ba ta taɓa waya, ba ta kunna wuta ko kashe ta, don haka saƙon WhatsApp da kika tura ranar Litinin da safe zai yi ta zama ba a buɗe ba. Ranar Lahadi hidimar abincin da ake ci kafin a kama baki za ta sha mata kai, Asabar kuma ranar hutunsu ce. Ki je tsakiyar makon da ya gabaci ranar, da ƙafarki, tunda katanga ɗaya ce ta raba ku.

Game da abin hannu, bari in ƙara miki haske kan wainar. Ko da ba ta azumi ranar, mai yiwuwa ba za ta iya ci ba. Mai kiyaye dokar abincinsu, wadda suke kira kosha, naman halal ɗinmu bai isar mata ba, sai yankan nasu. Ba sa haɗa nama da madara, har tukwane da cokula raba su suke yi, saboda haka girkin tukunyar wani gida, komai tsabtarsa, yana da wuyar shiga bakinsu. Ba ƙyama ba ce, ke ma kin san yadda kike juya kwalin biskit a kanti kina karanta abin da aka sa a ciki. Ki kai mata 'ya'yan itace da ba a yanka ba, tuffa ko rumman, ko kwalbar zuma a rufe. Tuffa da zuma su ne abin da suke ci a sabuwar shekara don fatan shekara mai zaƙi. Shagunan unguwar Prestwich a nan Manchester cike suke da kayan da ke ɗauke da tambarin kosha, idan kin shiga kika ce na maƙwabciya ne za su nuna miki.

Kada ki tambaye ta ko za ta yi azumin bana. Dattijuwa ce, shari'arsu kuma ta sa tsare rai gaba da azumi, mara lafiya da likita ya hana ba ya yi, kuma da yawa suna jin nauyin faɗa. Mu ma ba ma tsare mace a watan Ramadan mu ce yau kina yi ko ba kya yi. Amma ke ma'aikaciyar jinya ce, kina da abin da ya fi zuma amfani. Ki ce mata, Mama, ranar Litinin ina gida, idan kin ji jiri ko wani abu ki buga min bango, zan ji. Tsohuwa mai zaman kaɗaici da za ta yi awa 25 ba ruwa kuma ba za ta ɗauki waya ba, ta san darajar wannan maganar. Idan kina da aiki ranar, tun yanzu ki nemi wadda za ku yi musanya.

Sai maganar Yaya. Ni ba malama ba ce, ba kuma zan yi miki fatawa ba, amma ba shi ya ƙirƙiro maganar ba. Malamai irin su Ibnul Ƙayyim a da, da Ibn Usaimin a zamaninmu, sun hana taya wanda ba Musulmi ba murnar bukukuwan addininsa, suna ganin kamar yarda ce da abin da yake kai. Wasu kuma, kamar Majalisar Fatawa ta Turai da Darul Ifta ta Masar, sun halatta, suna kafa hujja da aya ta 8 a Suratul Mumtahana, wadda ta ce Allah bai hana ku kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba kuma ba su fitar da ku daga gidajenku ba. Saɓani ne sananne, ki tambayi malamin da kika yarda da shi a nan inda kike, wanda ya san zaman da kuke yi. Abin da ni na gani shi ne, abin da na ce ki yi bai ma kai wurin da suke saɓanin ba. Yi wa tsohuwa fatan sauƙi da lafiya ba taya murnar ibada ba ne. Idan zuciyarki ba ta kwanta da gaisuwar hatimin ba, tunda ita tana ɗauke da aƙidar rufe littafi a wannan rana, ki bar ta, ki riƙe ta sauƙin. Ba wanda zai ce kin rage wani abu.

Haƙƙin maƙwabci kuwa ba a yi jayayya a kansa ba. Abdullahi ɗan Amru, sahabi, an yanka akuya a gidansa, da ya dawo abin da ya yi ta tambaya shi ne, kun kai wa maƙwabcinmu Bayahude? Ya kuma kafa hujja da wasiyyar da Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) a kan maƙwabci. A Buhari da Muslim an ruwaito cewa an wuce da gawa Annabi (SAW) ya miƙe tsaye, aka ce masa ai gawar Bayahude ce, ya ce ashe ba rai ba ne? Azumin ma kansa ya taɓa giftawa a tarihinmu. Hadisin Ibn Abbas ya ce Annabi (SAW) ya iso Madina ya tarar Yahudawa suna azumtar ranar Ashura. Masu binciken tarihi da dama suna ganin wannan azumin na ranar goma shi ne Yom Kippur, ko da yake dalilin da hadisin ya ambata, tsirar Annabi Musa daga Fir'auna, Yahudawan yau a wani biki daban suke tunawa da shi. Yaya yana jiye miki tsoron addininki ne, ki gode masa. Sai dai yana Kano, ba shi ake riƙe wa yaro da daddare ba.

Gaza kuwa, ba zan ce ki cire ta daga ranki ba, ni ma ba ta fita daga nawa ba. Siyasa ta daɗe da shiga wannan rana. Yaƙin 1973 ranar 6 ga Oktoba ya ɓarke, Yom Kippur a wurinsu, 10 ga Ramadan a wurinmu, maƙwabciyarki kuma ta isa ta tuna da shi. Amma tsohuwar da ke bayan katangarki ba ita ce gwamnatin Isra'ila ba. Ba ki san ra'ayinta ba, Yahudawa kuma ba bakinsu ɗaya ba a kan wannan yaƙin, akwai masu goyon baya, akwai masu fitowa zanga-zangar ƙin sa. Ko ma mene ne nata, ba sai ta ci jarrabawa ba kafin ki gaishe ta. Mu da aka yi shekaru ana yi wa kallon Boko Haram a filin jirgi don an ga koren fasfo da sunan Musulmi, mun fi kowa sanin ɗacin a ɗora wa mutum laifin da ba nasa ba. Alƙur'ani ya maimaita cewa wani rai ba ya ɗaukar nauyin zunubin wani. Idan kin je, kada ki liƙa wa gaisuwarki "amma". Kukan Gaza yana da wurarensa, addu'arki da sadakarki da muryarki a inda ake jin murya, ba a ƙofar gwauruwa ana jajibirin azuminta ba.

Yanzu shirun. Ranar 2 ga Oktoba 2025 aka kai hari majami'ar Yahudawa ta Heaton Park da ke unguwar Crumpsall a Manchester, mutum biyu daga cikin masu ibada suka rasa rayukansu, mutane na cikin azumi. Ba shi ne karon farko ba, a 2019 ma ranar Yom Kippur wani ɗan bindiga ya nufi majami'ar Yahudawa ta garin Halle a Jamus, ƙofa ta gagare shi, ya kashe mutum biyu a waje. Don haka ranar da ta fi kowace tsarki a wurinsu ta zama ranar da suke shiga wurin ibada ta tsakanin masu gadi da 'yan sanda. Ki auna ki gani, a ce an kai hari masallacin da kike zuwa ranar Idi, maƙwabciyar da kike riƙe wa ɗa ta gan ki ta sauya hanya. Me za ki fassara? Ke kin san kunya ce da tsoro suka ɗaure ki. Ita ba ta da hanyar sani. Shiru ma magana ce, kuma ba ke kike zaɓar abin da zai faɗa ba. Wannan kam kin yi kuskure, ba zan rufe miki ba.

Sa'arki ɗaya, babu lokacin da ya fi wannan dacewa da gyara. A koyarwarsu, Yom Kippur tana kankare abin da ke tsakanin mutum da Ubangijinsa, amma abin da ke tsakaninsa da ɗan'uwansa ba ya goguwa sai ya je ya nemi yafiyarsa. Saboda haka a kwanakin nan goma za ki ga suna kiran juna suna neman gafara, kamar yadda muke yi ana gobe azumi ko ana shirin tafiya Hajji, kowa na cewa a yafe ni. Bambancin kawai, naki kada ya zama irin saƙon da ake turawa mutum ɗari a lokaci ɗaya. Ki zauna, ki ambaci abin da sunansa. Ki ce, Mama, bara da abin nan ya faru ban zo ba. Ba rashin damuwa ba ne, kunya da tsoro ne suka riƙe ni, na rasa da idon da zan kalle ki. Ban kyauta ba, ki yafe min. Daga nan ki yi shiru ki bar ta ta yi magana, ko ta yi kuka, ko ta tashi ta ɗora shayi.

Ki lura, yafiyar shirunki kike nema, ba ta harin ba. Ba ke kika kai shi ba, ba kuma da yawunki aka kai ba, kada ki tsaya kina ba da haƙuri a madadin Musulmin duniya ko kina yi mata wa'azin cewa Musulunci ba haka yake ba. Shekara huɗu tana ganin Musuluncinki ta saman katanga. Mai yiwuwa ta rungume ki nan take, mai yiwuwa kuma ta amsa a sanyaye, ciwon shekara guda ba lallai ya warke a zama ɗaya ba. Idan hakan ta faru kada ki yi fushi, kada kuma ki koma ɓuya. Ki ajiye zumar, ki yi mata tsom kal, ki tashi.

Ranar Litinin ɗin kanta ba a son komai daga gare ki sai sauƙin hayaniya. Ki rage rediyo, ki ja kunnen yaron kada ya buga mata ƙwallo a ƙofa, soye-soyen albasa da daddawa kuma a ɗaga su zuwa dare, ke ma kin san abin da ƙamshin suyar maƙwabta ke yi wa mai azumi da la'asar. Idan kun haɗu a hanya tana tafiya wurin ibada, ɗan murmushi da ɗaga hannu ya isa, kada ki tsayar da ita hira. Ranar Talata da safe idan kin gan ta ta fito, ki ce mata barka da shan ruwa, ki fassara mata abin da yake nufi, ki tura yaron ya gaishe ta.